Yankari, Dajin da Mutane Suka Bari

A gindin wani tsauni na dutsen yashi, a tsakiyar dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, akwai ruwan da ke ɓuɓɓugowa dare da rana ba ya hutawa. Shi ne ruwan Wikki. Garau yake, har mai iyo na ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashin da ke ƙasa, kuma ɗuminsa na nan a wajen digiri 31, sanyin hunturu bai rage shi, zafin bazara bai ƙara shi. An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 ke fita daga bakinsa a kowace rana, ya gangara ya faɗa kogin Gaji. Wanda ya shigo ta ƙofar Mainamaji, ya yi tafiyar fiye da kilomita 40 bai ga gona ko bukka ba kafin ya iso nan, ba za a ga laifinsa ba idan ya gaskata abin da aka saba faɗa wa baƙi, cewa wannan daji ya tsira daga hannun ɗan Adam tun fil azal, hukuma ta same shi haka, ta kewaye shi don kada a ɓata. Zancen na da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Yankari wuri ne da mutane suka zauna, suka haƙa, suka sare itace, suka hura wuta, sannan suka tashi suka bar shi, daga baya doka ta hana a koma. A ganina, mantuwar da aka yi da wannan ɓangare na labarin tana cikin manyan abubuwan da suka jawo wa dajin wahalar da ya sha tun da aka buɗe shi, kuma har yau ita ke hana a tsare shi yadda ya kamata.

Hujja ta farko ruwan ne da kansa. Ƙasar Yankari, wadda faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244, tana kwance a kan dutsen yashi mai shanye ruwan sama kamar soso, ya ɓoye shi a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙa sakinsa sannu a hankali. Ban da Wikki akwai maɓuɓɓugan Dimil da Gwan da Nawulgo, dukkansu masu ɗumi, ga kuma Tungan Maliki mai sanyi. Su ne ke riƙe da Gaji har ya kai ƙarshen rani da ruwa a cikinsa, lokacin da rafukan kewaye suka koma yashi zalla. Shi ya sa da rani ya yi nisa giwaye da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza ke taruwa a fadamar kogin, shi ya sa kuma masu yawon buɗe ido ke zaɓen wannan lokaci. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san darajar ruwan da ba ya ƙafewa. Garuruwa nawa aka kafa saboda rijiya guda, rigima nawa aka yi a kan mashaya guda? Ba ya shiga hankali a ce manoma da makiyaya da mafarauta sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai da komo a wannan yanki, su ga kwari mai ruwa rani da damina, ga kifi ga nama ga itace, su kau da kai su wuce. Abin da ke bukatar bayani shi ne yadda aka yi wuri irin wannan ya zama kufai.

Shaidar zaman nasu tana nan a jikin dutse. A wani gangare cikin dajin akwai kogwanni 59 da aka sassaƙa da hannu. Ƙofar kowanne ƙarama ce zagayayya, sai mutum ya durƙusa ya rarrafa zai shiga, amma da ya shige sai ya tarar da ɗaki mai faɗin da zai ɗauki mutane su zauna su miƙe ƙafa. A wasu wuraren akwai zane a jikin dutsen, layuka miƙaƙƙu da masu zikzak. Ko da dutsen yashi bai kai baƙin dutse tauri ba, fafe ɗaki guda a cikinsa aiki ne na kwanaki masu yawa, balle 59. Sai da kayan aiki na ƙarfe, sai da abincin da za a ciyar da masu sassaƙa, sai da shugaba ko yarjejeniyar da za ta ce wannan gefe na gidan wane ne, wancan na gidan wane. Ƙanƙantar ƙofar ma magana ce, don ƙofar da ba a hango ta daga nesa, wadda dutse guda zai toshe, ta mai gudun farmaki ce, kuma masu bincike da yawa na ganin kogwannin mafaka ce ta zamanin hare-haren kama bayi. Yau ana kiransu kogwannin Marshall, da sunan P. J. Marshall, Baturen da ya bayyana su ga masana a 1980. Ya cancanci yabo a kan aikinsa. Sai dai da wuya a ce mafarautan yankin, waɗanda suka san kowane kwazazzabo da kowace mashaya, sun rayu suna ratsa wurin ba su san da ramukan ba.

Ba kogwanni kaɗai ba ne. A Dukkey akwai rijiyoyi sama da 130 da aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, aikin da ba mai yin sa sai jama'a mai yawa ko zango mai karɓar ayari a kai a kai. A Tunga Dutse akwai wani dutse mai zane-zane. Mafi girma duka su ne matoyan tama na wajajen Ampara da Delimiri, waɗanda har zuwa ƙarshen shekarun 1990 ana iya ƙirga fiye da 50 da suka rage a tsaye. Wanda ya san yadda maƙeran da ke fitar da ƙarfe zai gane nauyin wannan shaida. Ana gina matoya da yumɓu, a jera tama da gawayi hawa-hawa a cikinta, a saka bututan yumɓu ta ƙasa don iska ta shiga, a bar wuta na ci sa'o'i masu yawa kafin a fasa a ciro dunƙulen ƙarfe, a zubar da kashin tama a gefe. Kowace toya na cin gawayi mai yawa, kuma ba kowane itace ke yi ba, sai mai tauri irin su ƙirya da maƙera ke so har gobe. Inda aka yi toyar tama da wannan yawa, an sare itatuwa ba adadi, an yi noman da zai ciyar da masu aikin, an buɗe hanyoyin da za a kai ƙarfen kasuwa. Binciken kufayi da aka yi a ƙasar Kirfi, maƙwabciyar Alkaleri, ya nuna irin wannan sana'a ta ƙarfe ta yaɗu a yankin. Ke nan dajin da baƙo ke kallo daga bayan mota ya toho ne a kan saran gatari.

Me ya tashi mutanen? Dalilan sun haɗu. Ƙarni na 19 lokaci ne na yaƙe-yaƙe a wannan shiyya. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a wajajen 1809, kuma faɗaɗar masarautar ta zo da yaƙi da hare-hare a kan ƙananan al'ummun kudu da gabas. Faɗin haka ba cin mutuncin kowa ba ne, tarihi ne da ke rubuce. A irin wannan zamani ƙauye maras ganuwa a cikin kwari ba wurin zama ba ne, mutane kan hau dutse ko su koma inuwar gari mai ƙarfi. Da mutum ya janye kuwa, daji kan biyo sawunsa. Gonar da aka bari kan zama saura, saura ta zama kurmi, namun daji su yawaita, ƙudan tsando ya samu inuwa da jinin sha. Shi kuma tsando na kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, sai ya zama mai gadin da ke hana kowa dawowa. Wani masani ɗan Ingila, John Ford, ya gina littafinsa na 1971 a kan wannan fahimta, cewa iyakar tsando a Afirka na matsawa gaba ko baya gwargwadon yawan mutane da dabbobinsu, kuma yaƙe-yaƙe da annobar bushiya da ta karkashe shanu a wajajen 1890 sun ba daji damar mamaye ƙasashen da a da ake nomawa. Turawan mulki sun ga haka da idonsu a ƙasar Zazzau, inda tun daga ƙarshen shekarun 1930 suka yi aikin Anchau, suka sare kurmin bakin rafuka, suka tattara mutane a sabon garin Takalafiya don karya lagon ciwon barci. A can an kori daji saboda mutane. A Yankari, bayan shekaru kaɗan, aka yanke shawarar a riƙe dajin da mutane suka bari.

Tunanin keɓe shi daga waje ya fara. A 1933 ƙasashen da ke mulkin Afirka suka ƙulla yarjejeniya a Landan a kan kare namun daji da tsirrai, a shekarar da ta biyo baya kuma wani kwamiti a Arewa ya ba da shawarar a gwada kafa gandun namun daji a masarautar Bauchi. Maganar ta kwanta fiye da shekara 20, sai da Alhaji Muhammadu Ngileruma, ministan da ke kula da albarkatun ƙasa a gwamnatin Jihar Arewa, ya ga irin wannan gandu a Sudan, ya dawo ya tsaya mata. Aka amince a 1956, aka shata iyaka a 1957 a matsayin gandun dajin En'e ta Bauchi, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Samfurin da duniya ke bi a lokacin na Amurka ne, wanda ya fara da Yellowstone a 1872, inda aka raba 'yan asalin ƙasar da wuraren zamansu da farautarsu, sannan aka riƙa tallata wurin a matsayin dajin da ƙafar mutum ba ta taka ba. Haka aka fitar da Masai daga Serengeti a 1959. Haka Faransawa suka tashi ƙauyuka a yankin da ya zama gandun W na Nijar a 1954, inda har yau tarin kukoki ke nuna inda garuruwa suka taɓa zama, abin da kowane Bahaushe zai gane da kallo ɗaya. A Yankari tsakiyar dajin ta riga ta daɗe babu gari sa'ad da aka ja layi. Abin da layin ya yanke shi ne amfanin da mutanen kewaye ke yi da shi, farauta da su da cin zuma da saiwar magani da kiwon rani. Ranar da doka ta fara aiki, maharbin da ya gaji baka daga kakansa ya wayi gari ɓarawon daji.

Abin takaici shi ne ba a bukatar aro daga Amurka kafin a san keɓe ƙasa. Garuruwanmu na da hurumi da ba a nomawa, akwai burtali da makiyaya da mashaya, akwai sarkin baka da sarkin ruwa da ke faɗin lokacin da za a shiga daji ko a faɗa ruwa. Shari'ar Musulunci na da babin hima, wato ƙasar da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Halifa Umar ya keɓe Rabaza, kuma ya umarci mai gadin da ya naɗa da ya tausasa wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken attajirai, saboda attajiri na da abin komawa in dabbobinsa sun halaka, talaka kuwa babu. Malam Abdullahin Gwandu ya yi littafi a kan hukunce-hukuncen ƙasa, Ta'alimur Radi, wanda ya taɓo wannan babi. Bambancin wannan tsari da na Yellowstone babba ne. A hima an san ƙasar ta mutane ce, an hana su wani abu ne don amfanin da zai dawo musu, kuma an fara duba mai rauni. Da aka damƙa Yankari a hannun En'e tun farko, an ɗan kusanci wannan ruhi, ko da gangan ko ba da gangan ba. Hakimi da dagaci da mai unguwa ne ke amsa tambaya in an yi ɓarna, baƙo mai bindiga kuma ba ya kwana a ƙauye ba a sani ba. Ba na wanke En'e, don dokokin daji da masu tsaronsu na cikin abubuwan da talakawan Arewa suka yi kuka da su a wancan zamani. Amma wanda ke hana ka ɗan ƙasarku ne, ka san gidansa, ka san inda za ka kai ƙararsa.

Daga nan dajin ya riƙa sauya hannu. Jihar Arewa maso Gabas ta gaje shi a 1967, jihar Bauchi a 1976, shekarar da garambawul ɗin ƙananan hukumomi ya ƙarasa karɓe iko daga hannun sarakuna. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa da doka mai lamba 36, a 2006 kuma ta mayar wa jihar Bauchi bisa roƙonta. Kowane sauyi ya zo da sabon allo a bakin ƙofa da sabbin alkawura, amma mai yanke hukunci na ƙara nisa da mutumin da gonarsa ke jingine da iyaka. A tsawon waɗannan shekaru raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, kyarkeci ya ƙare, zakuna suka ragu ƙwarai. Ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350, bayan shekara 10 kuma ana maganar tsakanin 100 da 150. Zai zama rashin adalci a ɗora wannan duka a kan dalili guda. Bindigogin zamani sun yaɗu bayan yaƙin basasa, farashin hauren giwa ya tashi a kasuwannin duniya, farin 1973 da na 1984 sun turo makiyaya kudu, bushiya ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980, jama'a kuma ta ninka. Sai dai duk waɗannan ta ƙauyukan kewaye suke bi kafin su isa cikin daji. Mai neman haure daga nesa na bukatar ɗan jagora da wurin kwana da wanda zai yi shiru. Ana samun su cikin sauƙi a inda mutane suka yanke ƙauna cewa dajin na da wani amfani a gare su.

Kuma dole a fahimci dalilin yanke ƙaunar. Manomin da ke bakin iyaka na iya shekara yana wahala, dawa ta yi kai, masara ta nuna, garken giwaye ya shigo cikin dare guda ya bar masa kara a kwance. Ba a yarda ya harba ba, diyya kuma ba kullum take zuwa ba. Da safe yana ganin motocin baƙi na wucewa zuwa Wikki, kuɗin shiga na tafiya inda bai sani ba. A ɗaya gefen akwai masu gadin dajin, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne su ma, suna kwana a tsakanin tsando da maciji, kuma an kashe wasunsu a bakin aiki. Tsarin da ya ɗauki daji a matsayin wurin da mutum bai da gurbi shi ya haɗa waɗannan biyu gaba. Abin da ya faru bayan 2014 ya nuna akwai wata hanya. A shekarar ce jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS. Aka gyara sintiri, aka riƙa biyan masu gadi alawus ɗin kwana a daji, aka rataya wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam, aka kuma ɗauki mutane daga ƙauyukan da kansu su zama masu lura da giwaye, su sanar in garke ya doshi gonaki. Kashe giwaye saboda haure ya ja baya ƙwarai a shekarun da suka biyo. Na'ura da alawus sun taimaka, amma kiran wayar manomin da ya ga amfanin kira ba shi da madadi.

Za a ce wannan magana tawa na da haɗari. Idan aka yi ta nanata cewa mutane sun zauna a Yankari, ai an ba masu son cinye shi hujja, gobe wani ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar Dukkey, ya shigo da garma ko garke. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ni ba na kiran a buɗe iyaka. Jihar da ke da miliyoyin mutane ba za ta iya komawa tsarin da ya yi aiki sa'ad da mafarauta 'yan kaɗan ne masu kwari da baka ba, kuma shanu dubbai a fadamar Gaji za su kori namun daji cikin 'yan shekaru, su kawo musu cuta. Amma sanin cewa wuri na da tarihin mutane bai taɓa nufin a raba shi fuloti ba. Ganuwar Kano da maƙabartun garuruwanmu duk aikin mutane ne, kuma saninsu da aka yi shi ke sa mutane jin zafi in an taɓa su. Wanda aka ce masa wannan dajin gwamnati ne da Turawa masu kyamara ba shi da dalilin kare shi. Wanda aka ce masa nan kufan ƙasarku ne, an riƙe muku amana, ga rabonku daga abin da yake samarwa, ga kujerarku a inda ake shawara, yana da abin da zai yi asara in daji ya lalace. Ƙaryar cewa babu wanda ya taɓa zama ba ta hana kowa shiga ba a cikin fiye da shekaru 60, don mutanen wurin sun san ƙarya ce.

Za a kuma ce waɗanda suka sassaƙa kogwannin ba lallai su zama kakannin mazauna Duguri da Pali da Gwana, maƙwabtan dajin na yau, ba, don al'ummu sun yi ta ƙaura suna cakuɗa, saboda haka babu wanda zai yi da'awar gado. Na yarda da rabin farko, ban yarda da abin da aka gina a kansa ba. Hakkin da nake magana a kai na maƙwabtaka ne da ɗaukar nauyi. Wanda giwa ke cin gonarsa, wanda aka hana shi itacen da kakansa ke sara, shi ke biyan kuɗin tsaron dajin da dukan Nijeriya ke alfahari da shi, ko jininsa ya haɗu da na masu toyar tamar Ampara ko bai haɗu ba. Sannan tambayar su wane ne suka zauna a nan tambaya ce da bincike ke amsawa, ta hanyar tono da auna shekarun gawayi da kwatanta tukwane da sauraron tsofaffi. Kowane tsoho da ya rasu a waɗannan ƙauyuka ba a ɗauki abin da ya sani na sunayen duwatsu da kufayi da tsoffin hanyoyi ba, an yi asarar shaidar da tono ba zai maido ba.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta kuɗi. Abin da ake ware wa dajin kaɗan ne, giwa kuma in ta ƙare ta ƙare, saboda haka a fara da mai rai, tsofaffin matoya su jira. Gaskiya ne ran giwa na gaba da tarin yumɓu. Amma matoya ba ta iya jira kamar yadda ake zato. Ginin ƙasa ne, ruwan sama na zaizaye shi, wutar daji na gasa shi ya tsage, saiwa na fasa shi, dabba na gogar jiki da shi ya faɗi, kuma wadda ta rushe ba ta haihuwar wata. Abin da ake bukata don ceto ta bai kai kuɗin gyaran ɗakunan baƙi ba: a auna, a ɗauki hoto, a sa a taswira, a share ciyawar kewaye kafin lokacin gobara, a yi rumfa a kan mafi kyawu. Masu gadin da ke sintiri na bin waɗannan wurare dama, horo kaɗan zai sa su riƙa kawo rahoto. Ta fuskar samun kuɗi ma lissafin na goyon bayana. Baƙo na iya kwana biyu a Yankari bai ga giwa ba, musamman da damina, ya koma da labarin gwaggon birin da ya fizge masa burodi a sansanin Wikki. Kogo da rijiya kuwa ba sa ƙaura. Wurare biyu da Nijeriya ke da su a jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, Sukur ta Adamawa da aka sa a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005, dukkansu an karɓe su ne saboda haɗuwar aikin mutum da halittar Allah a wuri guda. Kurmin Osogbo ya tsira a bakin babban birni saboda mutanen garin na ganin nasu ne.

Lokaci kuma na ƙurewa ta wata fuska. A 2019 kamfanin mai na ƙasa ya sanar da samun ɗanyen mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙarsa. Ɓangaren Bauchi na wannan fili a ƙaramar hukumar Alkaleri yake, wadda Yankari ke cikinta. In aikin ya kankama zai kawo hanyoyi da ma'aikata da kasuwanni, farashin ƙasa ya tashi, bukatar itace da gawayi da nama ta ƙaru, kuma duk wani aikin haƙa mai zurfi a yankin da ruwansa ke tafiya ta cikin dutsen yashi na bukatar a sa masa ido sosai. Kufayin da ke wajen iyakar gandun sun fi shiga haɗari, don babu mai gadinsu, katafila kuma ba ta san matoyar tama ba. Kafin a kai nan ya kamata jami'o'in Bauchi da Zariya da Jos, tare da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, su bi yankin ciki da waje su rubuta abin da ke akwai, da tsofaffin mafarauta a matsayin 'yan jagora da ake biya, kuma sarakunan Duguri da Pali da Gwana su samu wakilci na dindindin, rubutacce a doka, a hukumar da ke gudanar da dajin da raba kuɗin da yake samarwa.